Kiran Allah da Sandar da Ke Hannu

A wannan mako zan fuskanci 'yan'uwana Kirista, musamman matasan da ke manyan makarantu, kodayake maƙwabtanmu Musulmi ma ba za su rasa abin tsinta ba, domin tambayar da ke gabanmu ba ta ƙyale kowane ɗan Adam ba: don me Allah Ya halicce ni, wane aiki kuma Ya tanadar mini a duniya?

Tambayar tana da kyau, kuma duk mai bangaskiya ya kamata ya yi wa kansa ita. Abin da ke damuna shi ne irin amsar da ake ba matasanmu a yau. An cusa musu abu biyu. Na farko, wai kiran Allah na masu hawa mumbari ne, fasto da mai bishara da mai waƙa, sauran jama'a kuwa 'yan rakiya ne masu kawo baiko. Na biyu, wai nufin Allah ga mutum wani asiri ne a kulle, ba ya buɗuwa sai ta mafarki ko ta bakin wani mai annabci, kuma in ya buɗu ba abin da ke ciki sai dukiya da ɗaukaka da fita ƙasashen waje.

Mu da muke koyarwa a jami'a muna ganin ɓarnar wannan koyarwa da idonmu. Ɗalibi ya nemi karatun likita, aka ba shi ilimin tsirrai, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa maƙiya sun karkatar da ƙaddararsa. Ya shekara huɗu yana karatu da rabin zuciya, ya fita da sakamako mai rauni, sa'an nan ya ce ga shaida. Wata ta gama bautar ƙasa ta koma gida ta naɗe hannu, an nuna mata ɗinki ta ƙi, an samar mata koyarwa a firamare ta raina, wai tana jiran Ubangiji Ya yi magana. Wani kuma ya kwashe ɗan kuɗin da iyaye suka sayar da hatsi suka aiko masa, ya kai wa mai annabci domin a faɗa masa abin da zai zama. Akwai ma wanda rashin aiki ya ishe shi, ya kama hayar shago ya jera kujeru ya ce an kira shi, alhali shi da Allah sun san yunwa ce ta kira shi.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, mafi yawan lokaci Allah Yakan bayyana wa mutum kiransa ne yana tsakiyar aikin da ke gabansa, ta wurin bukatar mutanen da ke kusa da shi da kuma baiwar da Ya riga Ya ba shi. Hausawa sun ce da sandar da ke hannu ake kashe maciji. Littafi Mai Tsarki cike yake da shaidar haka.

Mu ɗauki Musa. Shekara 40 ya yi yana kiwon tumakin surukinsa a Madayana, kuma a bakin kiwon nan kira ya same shi, yana da shekara 80. Sandar da ya tsaya da ita gaban Fir'auna ita ce dai sandar kiwon. Wanda zai bi da jama'a cikin jeji sai da ya fara sanin jejin da ƙafarsa. Yusufu kuwa ya yi mafarki tun yana ɗan shekara 17, amma bai zauna yana gadin mafarkin ba. Ya riƙe gidan Fotifar da aminci yana bawa, ya riƙe kurkuku da aminci yana ɗaurarre, har ya kai shekara 30 kafin a ɗora shi kan Masar. A shekaru 13 na wahala ya koyi lissafi da riƙon amanar da ya ceci ƙasa da su a lokacin yunwa. Ubangijinmu Yesu Almasihu da kansa bai fara hidimarsa a fili ba sai da ya kai wajen shekara 30, mutanen Nazarat kuma da sassaƙa suka san shi. Wa zai buɗe baki ya ce shekarun da ya yi yana sassaƙa ɓata lokaci ne?

Batun cewa kira na masu mumbari ne kaɗai, shi ma Littafin bai goyi bayansa ba. A Littafin Fitowa, sura ta 31, mutumin da aka ce an cika shi da Ruhun Allah, wato Bezalel, mai aikin hannu ne, gwanin ƙira da sassaƙa. A Ayyukan Manzanni, sura ta 9, ba a rubuta mana wa'azin Dokas ko ɗaya ba. Riguna take ɗinka wa gwauraye a Yafa, kuma da ta rasu rigunan nan suka nuna wa Bitrus suna kuka. Luka likita ne. Manzo Bulus ya zauna da Akila da Bilkisu a Korinti suna ɗinkin tanti, har ya tsawata wa waɗansu a Tasalonika da suka bar aiki suna zaman kashe wando. Wannan gaskiya ce Martin Luther ya farfaɗo da ita a Jamus a 1520, lokacin da ya koyar cewa manomi da maƙeri da baduku kowanne yana da hidimarsa a gaban Allah, ba limamin coci kaɗai ba.

Misalin talanti da ke Matiyu sura ta 25 ya ƙara fito da batun fili. An ba wani biyar, wani biyu, wani ɗaya. Mai biyar da mai biyu yabo iri ɗaya suka samu, domin aminci aka auna, ba yawan riba ba. Wanda aka hukunta bai saci kome ba, bai kuma ɓatar da kome ba. Laifinsa shi ne ya tona rami ya binne abin da aka ba shi saboda tsoro. Ina jin tsoron cewa da yawa daga cikin masu cewa suna jiran bayyanar nufin Allah, rami suka tona, suka kuma sa wa ramin suna addu'a.

Tarihin Ikilisiya a ƙasarmu ma ya koya mana cewa mai kira ba ya ganin ƙarshen hanya tun daga farko. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasashen nan namu. Kafin shekara ta zagayo biyu sun rasu, Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake gwadawa bai yi nasara ba, sai a karo na uku aka kafa tasha a Patigi a 1902. Da ma'aunin masu wa'azin nasara na yau ne, da an ce Gowans da Kent sun kuskure kiransu. Amma daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Haka Dokta Walter Miller, wanda ya zauna Zariya tun 1905. Likita ne, amma abin da aka fi tunawa da shi a yau shi ne makarantar da ya kafa da kuma aikin fassara, wanda ya kai ga buga Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932. Bukatar da ya tarar ita ta nuna masa inda zai zuba ƙarfinsa.

Daga cikin 'ya'yan wannan gida na Wusasa aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewacin Nijeriya, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma har yau babban asibiti a Kaduna na ɗauke da sunansa. Aka kuma sami Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ma'aikatar harkokin waje a Jamhuriya ta Biyu. Waɗannan bayin Allah sun bauta wa Musulmi da Kirista ba tare da tambayar addinin majinyaci ba. Bayansu kuma akwai dubban malaman firamare da unguwarzoma da masu wanke gyambon kutare a wurare irin su Garkida da Vom, waɗanda ba wanda ya rubuta sunayensu, amma da hannunsu aka yi renon al'umma guda.

Akwai wani ma'auni da nake so mu ɗora kowace koyarwa a kansa. A watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da ke Kwarhi, kusa da Mubi, jama'a masu ɗimbin yawa suka watse. Ka ɗauki matar da ta rasa miji da gona a wannan fitina, ta tsinci kanta a sansanin gudun hijira da 'ya'yanta da marayun maƙwabta. In nufin Allah yana nufin mota da suna, to me za mu ce mata? Ta kuskure nata ke nan? Ni dai na gaskata cewa ranar da ta raba ɗan tuwonta da maraya, tana tsakiyar kiranta fiye da mai wa'azin da ke sayar da annabci. Duk koyarwar da ba za a iya faɗa a gaban wannan mata ba tare da jin kunya ba, a sake duba ta.

Wani zai ce, ashe Allah ba Ya kiran mutum ta wahayi? Yana yi, kuma ba ni da ikon taƙaita Shi. Amma mu lura, da Sama'ila ya ji murya, wurin Eli dattijo ya nufa. Da Bulus ya ga haske a hanyar Dimashƙu, hannun Hananiya aka sa shi, kuma shekaru suka wuce kafin ikilisiyar Antakiya ta keɓe shi tare da Barnaba. Kiran gaskiya ba ya gudun bincike, ba a kuma biyan kuɗi kafin a ji shi.

Saboda haka ga shawarata ga ɗalibin da ke cikin ruɗu. Ka fara da abin da Allah Ya riga Ya bayyana wa kowa: gaskiya, tsarkin rai, ƙaunar maƙwabci. Wanda ke satar amsa a jarrabawa yana azumin neman nufin Allah, ya riga ya taka nufin da ƙafarsa. Sa'an nan ka dubi bukatar da ke kusa da kai wadda ke hana ka sukuni, ko yaran unguwa da ba su iya karatu ba, ko gonar da ta gaji. Ka tambayi dattawan da suka san ka, ba masu yi maka daɗin baki ba, wace baiwa suke gani a wurinka, domin mutum ba ya ganin ƙeyarsa. Kada ka ari kiran wani. Dawuda ya gwada sulken Saul ya kasa tafiya, ya tuɓe ya koma ga majajjawarsa. Kayan aro ba ya rufe katara. Daga nan ka kama aiki, kana addu'a kana tafiya. In akwai gyara, Mai kiran Ya san yadda zai juya ka.

Ku kuma iyayenmu fastoci da dattawan ikilisiya, a riƙa yi wa malamin makaranta da nas da makanike addu'ar keɓewa kamar yadda ake yi wa mai tafiya makarantar tauhidi, domin yaranmu su san cewa aikin Litinin ma sujada ne. Iyaye kuma a daina auna albarkar ɗa da abin da ɗan maƙwabci ya tara.

Allah Ya ba mu aminci cikin ƙaramin abu, Ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Ya kai mu.