Maganin Sinawa: Wanne Za Mu Karɓa, Wanne Za Mu Bari?

Duk wanda ya zauna a Sabon Garin Wudil, ko kuwa ya saba ratsa ta ranar Juma'a, sa'ad da kasuwar shanu ta cika ta batse, motocin Kano da na Maiduguri suna gogayya a bakin gada, ba zai rasa jin muryar masu tallar magani ba, waɗanda ke ɗaura lasifika a rufin mota suna jero cututtuka tun daga basir da shawara har zuwa hawan jini da ciwon suga, suna rantsuwa cewa kwalba guda za ta share su baki ɗaya. Wannan tsohuwar sana'a ce, mun tashi mun tarar da ita. Abin da ya sabunta cikin 'yan shekarun nan shi ne shigowar kaya masu rubutun Sinanci a jikinsu: shayi cikin kwali, da ƙwayoyi, da man shafawa mai yaji, da wata na'ura da ake damƙa wa mutum sandar ƙarfe a tafin hannu, kwamfuta ta karanto masa ciwon hanta da na ƙoda cikin minti biyu, ba a ɗebi jininsa ba, ba a duba fitsarinsa ba. Idan ka nemi hujja, amsar guda ce, wai ilimi ne da ya shekara dubbai a ƙasar Sin.

Na ga jama'armu sun rabu a kan wannan al'amari. Waɗansu suna karɓa ido rufe, saboda imanin da suka yi cewa abin da ya daɗe ba ya ƙarya. Waɗansu kuwa, galibinsu masu kishin addini, suna ƙyamarsa ɗungurungum, domin sun ji cewa tushensa yana cikin addinin masu bautar gumaka. A ra'ayina duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawar hukunci, kuma abin da ya fi komai amfani a gare mu cikin tarihin likitancin Sinawa ba ya cikin kwali, ba ya cikin kwalba.

Gaskiya ne cewa likitancinsu na gargajiya ya girma ne kafaɗa da kafaɗa da addinin da suke kira Dao. Asalin addinin ana jingina shi ga wani dattijo mai suna Laozi, wanda ruwayarsu ta ce ya yi zamani a ƙarni na 6 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, aka kuma danganta masa wani ɗan littafi, Daodejing, mai babi 81 da haruffa kimanin 5,000, wanda ke horo da ƙanƙan da kai, da rage buri, da barin tilasta wa al'amura abin da ba ɗabi'arsu ba. Sai a shekarar 142 miladiyya wani mai suna Zhang Daoling ya tashi a lardin Sichuan, ya yi da'awar Laozi ya bayyana gare shi, ya kafa jama'a mai limamai da dokoki, kowane gida yana ba da awo biyar na shinkafa. A wurinsu cuta sakamakon zunubi ce, saboda haka majinyaci yakan keɓe a ɗaki ya tuno laifuffukansa, a rubuta masa takardar neman gafara ga alloli, wani lokaci a ɗora masa gyaran hanya a matsayin kaffara. Daga baya ɗariƙu suka yawaita, da gidajen ibada a kan duwatsu, da masu zuhudu marasa aure, har yau kuwa hedkwatar ƙungiyarsu, wadda aka kafa a 1957, tana cikin wani tsohon gidan ibada a Beijing.

Babban burin mutanen nan shi ne tsawon rai, har ma da kuɓuta daga mutuwa, wannan buri kuwa shi ya sa suka duƙufa a kan sha'anin jiki fiye da sauran malaman ƙasarsu. Sun ɗauka akwai wani numfashi na rai, qi, da ke gudana cikin magudanai a jikin ɗan Adam, lafiya kuma ita ce daidaituwar sanyi da zafi, wato yin da yang, magana wadda ba za ta zama baƙuwa a kunnen Bahaushe ba, ko a kunnen wanda ya karanta ɗabi'u huɗu a littattafan ɗibbu. A kan wannan suka gina tsira allurai a jiki, da ƙaho, wanda su ma da ƙahon dabba suka fara yin sa kamar wanzamanmu, da riyalar numfashi, da motsa gaɓoɓi a hankali. A 1973 aka tono wani kabari a Mawangdui, wanda aka rufe tun shekara 168 kafin miladiyya, aka sami ƙyallen siliki mai zanen mutum 44, maza da mata, kowanne yana miƙa ko sunkuyo ko juya ƙugu.

Game da aƙida babu wata doguwar muhawara. Musulmi ba shi da abin da zai nema a wurin allolinsu, ko layunsu da suke ƙonawa su dama tokar a ruwa, kuma ya sakankance cewa ajali ba ya jinkirta wa kowa. Amma magabatanmu sun bambance tsakanin aƙidar mutum da sana'arsa. Littattafan Jalinusu da Buƙuraɗu, waɗanda ba su san tauhidi ba, a Bagadaza aka juya su zuwa Larabci, wanda ya jagoranci aikin kuwa, Hunainu ɗan Ishaƙu, Nasara ne, a kansu kuma Razi da Ibnu Sina suka ɗora gininsu. Har likitancin Sin ɗin ma, waziri Rashiduddini na Tabriz ya sa an fassara wani sashe nasa zuwa Farisanci a 1313. Wanda ya haramta wa kansa magani don kawai ya fito daga hannun wanda ba Musulmi ba, ya tsananta inda malamai suka sauƙaƙa.

Mutumin da nake so mai karatu ya tsaya a kansa shi ne Ge Hong, wanda aka haifa a 283, malami ne babba a addinin Dao, kuma shi ya ƙare rayuwarsa a dutsen Luofu da ke kudancin ƙasar yana neman iksirin dawwama. Ya bar littattafai biyu da suka shahara. A na farko, Baopuzi, ya tabbatar wa almajiransa cewa ganye da saiwa suna ƙara kwana kawai, amma wanda ke son ya wuce mutuwa sai ya sha abin da aka narka daga zinariya da wani jan dutse, wanda a haƙiƙa zaiba ce haɗe da kibiritu. Wannan koyarwa, wadda ta daɗe kafin shi kuma ta daɗe bayansa, ta ci rayuka ba kaɗan ba, kuma waɗanda ta fi ci su ne masu halin sayen ta. Marubuta tarihin daular Tang sun danganta mutuwar sarakuna da dama ga shan irin wannan haɗi, cikinsu akwai Muzong a 824, da Wuzong a 846, da Xuanzong a 859, kowanne ya ga abin da ya sami na gabansa, bai kuwa daddara ba, domin malaman fada sukan ce masa zafin ciki da rawar jiki alama ce ta maganin yana aiki. Wannan magana ta ƙarshe, wallahi, har gobe ana faɗa wa majinyata ita a kasuwanninmu.

Littafinsa na biyu kuwa ƙarami ne, ya tsara shi domin talakan ƙauye wanda ba shi da likita kusa, ya tattara magungunan gaggawa masu araha waɗanda ake samu a bayan gida, har sunansa ma yana nuna abin da mutum zai soke a hannun riga ya yi tafiya da shi. A cikin babin masassara mai zuwa tana komawa, ya ambaci wani ganye, qinghao, ɗan'uwan tazargaden da muka sani, ya faɗi yawan da za a ɗiba, da yawan ruwan da za a jiƙa shi, ya ce a matse a sha ruwan. Bai ce a tafasa ba.

Shekara fiye da 1,600 wannan bayani yana kwance. A ran 23 ga Mayu 1967, saboda zazzaɓin cizon sauro da ke karkashe sojojin Biyetnam ta Arewa, kulorakwin kuma ya daina ji, gwamnatin Sin ta kafa wani shirin bincike na asiri, cikin waɗanda aka ɗora wa aikin kuwa har da wata mace masaniyar haɗa magunguna, Tu Youyou. Ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafai da bakunan masu magani suka tara haɗi sama da 2,000, suka yi ta gwaji a kan ɓeraye, galibinsu suka faɗi, qinghao ɗin ma wani lokaci ya yi aiki wani lokaci ya ƙi. Da ta koma ga Ge Hong, ta lura da cewa jiƙo ya ce, sai ta fahimci wuta ce ke kashe sinadarin, ta sauya hanyar tatsa zuwa mai ƙarancin zafi, samfuri na 191 kuwa, cikin Oktoba 1971, ya share ƙwayar cutar daga jinin ɓeraye gaba ɗaya. Kafin a bai wa majinyaci ko ɗaya, ita da kanta ta fara sha. Sinadarin da ke cikin wannan samfuri shi ne atemisinin, tushen ƙwayoyin nan rawaya da uwa ke karɓowa a kemis idan damina ta sauka, fadamun bakin kogi suka cika da sauro, jikin yaro ya yi rau. Su Nijeriya ta mayar maganin farko na zazzaɓi a 2005, ƙasar da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan ciwo a duniya. A 2015 aka ba Tu Youyou kyautar Nobel.

To, ga malami ɗaya, alƙalami ɗaya, zamani ɗaya: wani shafi nasa ya kashe sarakuna, wani ya ceci 'ya'yanmu. Daɗewa ba ta raba tsakaninsu ba, shaharar mai littafin ma ba ta raba ba. Abu biyu ne suka raba, wato cewa an rubuta haɗin da ma'auninsa yadda na baya zai iya maimaitawa, da kuma cewa an zo an jarraba shi ba sani ba sabo. Mu da muka gaji ilimin isnadi, muka san cewa ba a karɓar ruwaya don daɗin lafazinta sai an binciki mazajenta ɗaya bayan ɗaya, mu ya fi cancanta mu fahimci wannan.

Saboda haka ne ma nake tsoron yadda aka rungumi tazargade a 2020, zamanin korona, bayan Madagaska ta fitar da nata jiƙon. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha ganyen a madadin ƙwayar ba, domin ƙarfinsa yana bambanta daga gona zuwa gona, sinadari kaɗan kuwa ba ya kashe ƙwayar cuta, horar da ita yake yi, ga shi an riga an ga alamun turjiyarta a Ruwanda da Uganda. Haka kuma a farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 a Beljiyam suka sami lalacewar ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba wanda aka saka wa wata saiwar Sin a madadin wata, saiwar da aka saka ɗin kuwa dangi ɗaya suke da duman dutse, wanda 'yan mai ganye ke sayarwa a nan. Wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa layin wankin ƙoda a Kano ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Su kansu mutanen kirki na cikin addinin Dao sun fi 'yan tallarmu gaskiya. A 1222 Jankiz Khan, wanda ya rushe Bukhara da Samarƙandi, ya gana da shehin wata ɗariƙarsu Qiu Chuji, tsoho mai shekara sama da 70, wanda ya kirawo tun daga gabashin Sin har duwatsun Afganistan, ya tambaye shi maganin mutuwa, tsohon ya amsa masa cewa akwai hanyoyin kiyaye lafiya, amma wancan babu shi.

Mu ma ba mu rasa gado ba. Shehu Abdullahi na Gwandu ya wallafa Masalihul Insan a kan maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya yi risala a kan basir, ya yi wata a kan filasko. Abin baƙin ciki shi ne wannan tafarki ya yanke, ilimin sabara da marke da maɗaci ya koma cikin ƙirjin tsofaffi, maɗori da ungozoma da masuntan bakin kogin nan, waɗanda ake kai wa wanda ƙayar kifi ta maƙale wa, kowanne yana ɓoye nasa, ranar da aka kai shi makwanci kuwa an tafi da shi ke nan. Na san uzurinsu, suna tsoron 'yan boko su karɓe asirin su bar su hannu rabbana, tsoron kuma yana da dalili. Amma an taɓa yin abin a ƙasar nan bisa adalci: cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta karɓi haɗin wani mai magani na ƙasar Oyo, Paul Ogunyale, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi, ta ƙulla yarjejeniya da shi a rubuce, daga nan aka fitar da Niprisan na masu amosanin jini.

Ga jami'ar kimiyya da fasaha a cikin garin nan namu tun 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Ɗangote, da ɗakunan gwaji da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Ina roƙon shugabanninta da su tura ɗaliban nan unguwa-unguwa da ƙauye-ƙauye, da izinin hakimi da dagatai, su zauna gaban masu magani da ladabin almajiri, su rubuta sunan itace, da sashen da ake ɗiba, da lokacin ɗiba, da ma'auni, da ko jiƙawa ake yi ko dafawa, a sa sunan mai haɗin a kai, a ba shi takardar haƙƙinsa, sa'an nan a fara gwaji da waɗanda ake zargin suna taɓa ƙoda da hanta. Ina roƙon hukumar NAFDAC ta riƙa leƙo kasuwar Juma'a. Kai kuma ɗan'uwa, idan zazzaɓi ya kama ɗanka, kai shi a gwada jininsa, ka ba shi maganin har ya cika kwana ukunsa ko da ya warware tun a rana ta farko, kada kuma ka saya masa kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ko daga Sin ta zo ko daga bayan gari.