Ƙurar Zinariya Da Ciwon Daji

Labari ya bazu cewa likitocin Turai sun sami hanyar kai magani ga ciwon daji kai tsaye da ƙurar zinariya. Tun da ya ke malaman makaranta da akawuna su ne mutanen karkara kan tambaya, ya wajaba mu bayyana iyakar abin da ke ciki.

Maganin da a ke ɗura wa mai sankara ta jijiya ba ya bambanta nama mai cuta da lafiyayye. Shi ya sa gashi ke zuba, jini ya ragu, amai ya ƙi tsayawa. Dabarar masana ita ce a mai da zinariya ƙwayoyi ƙanana ainun, waɗanda sai an jera wajen dubu uku su kai kaurin silin gashi, sa'an nan a manna musu magani. Jijiyoyin da ke ciyar da ƙari suna yoyo kamar tsohuwar salka, saboda haka a ke zaton ƙurar za ta tsiyaya ta taru can.

Amma tsakanin zato da tabbas akwai rata. A 2016 masanan Jami'ar Toronto ta Kanada suka tattara gwaje-gwajen shekara goma a kan dabbobi, suka ga abin da ke isa ga ƙarin, a tsaka-tsaki, kashi 0.7 ne cikin ɗari. Hanta da saifa ke tare mafi yawa. An gwada ta zinariya ga mutane a Amurka, aka buga sakamakon a 2010, har yau kuwa ba ta zama maganin asibiti ba. Wadda Turai ta amince da ita a 2019, ta kamfanin Nanobiotix na Faransa, ba ta ɗaukar magani. Cikin ƙarin a ke yin allurarta domin ta ƙara wa na'urar gasa ƙari ƙarfi. Mutumin Sundimina ko Gwaram kuwa, bayan Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, sai ya nausa babban gari irin Zariya kafin ya ga na'urar.

Saboda haka duk wanda ya kasa kwalba a kasuwa ya ce ruwan zinariya ne mai kashe daji, aljihun talaka ya ke hari. Abin da ke hannu shi ne rigakafin sankarar bakin mahaifa, wanda aka fara yi kyauta a Jigawa cikin Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Muna roƙon shugabannin makarantu su duba rajista, su kai wa ma'aikatan lafiya sunayen yaran da allurar ta wuce.