Zuwa ga Kanikawan Isa da Sabon Birni: Ku Koyi Ɓangaren Wuta



Layin dogo bai taɓa shigowa garuruwanmu ba. Wanda ya taso daga Zariya ta Gusau a Ƙaura Namoda ya ja birki tun 1929, kayanmu sai sun bi ta Shinkafi su tarar da shi. Amma a 2021 an aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, ta Daura da Katsina da Jibiya. Bagobiri kuwa ba baƙo ba ne a Maraɗi, ga Tsibiri nan kusa. Jirgi zai buƙaci hannu, ina so a samu naku.

Kan jirgin dizal janareto ne mai ƙafafun ƙarfe. Ba kuloci, ba giya irin ta tirela. Inji ya juya janareto, wuta ta bi manyan wayoyi zuwa injinan lantarki da ke tsakanin ƙafafun, su ne ke murza su. Haka aka ƙera guda 10 da kamfanin English Electric na Ingila ya yi wa Najeriya a 1955, kowanne da ƙarfin doki 750, zamanin da masu cin kwal da shan ruwa ke riƙe da layi.

Ku gwanaye ne a nozul da famfon mai da ringi, ban musa ba. To amma da zarar matsala ta koma waya, sai ku ce a kira mai wuta. Nan abincin yake. Ku riƙe mita. Ku duba kabon da ya cinye, da tagullar da yake gogawa idan ta yi baƙi tana tartsatsi. Ku san warin kwayil kafin ya ƙone. Ƙurar hunturu in ta haɗu da baƙin mai tana zama danƙo, ta toshe hanyar iska, zafi ya cinye rufin waya. Filtar da kuke kaɗewa a jikin taya ku mayar, don Allah ku daina.

Sai ɗabi'ar cire na wancan a sa wa wannan. Injin da 'yan'uwansa ba su wuce goma ba, kayansa ba a kasuwa suke ba. Yau a ari famfo, gobe kwayil, baɗi wanda aka ara a jikinsa ya zama gidan ƙadangaru. In dole ta sa, ku rubuta abin da kuka cire da ranar, ko da ajami ne.

Yaran da ke zuwa makaranta, ku sake su da wuri, ku sa su koyi karanta zanen wayoyi. Janareton masallaci da na injin niƙa sun isa a fara da su.

Wassalam.