Zuwa ga Masu Horar da Matasan Ƙwallon Raga a Sharaɗa, Challawa da Bompai



Ina jinjina muku. Ku ne kuke ɗaura raga a filayen makarantu da sararin da ke bayan katangun masana'antu, yawancinku ba albashi, wani ma da kuɗin aljihunsa yake sayen ƙwallo. Maganata ba ta wuce minti 15 na farkon atisaye ba, amma a cikinsu ne muke rage wa yaranmu tsalle da hannunmu.

Kowa ya san yadda ake buɗe fili. Yara su yi da'ira, kyaftin yana ƙirgawa, kowa ya kamo ƙafarsa ta baya ya riƙe, a sunkuya a taɓa yatsu, a zauna a ware ƙafafu wani ya danna bayan wani har sai fuska ta yamutse. Duk wannan kuwa jiki bai ko yi gumi ba. An gaji abin ne daga magabata, da hujjar cewa yana hana rauni, yana kuma ƙara tashi sama.

An gwada hujjar nan. A shekarar 2000 aka wallafa wani bincike da aka yi a kan kuratan soja 1,538 a Ostireliya. Duka sun ɗumama jiki, amma kashi ɗaya kaɗai aka sa suna miƙa jijiyoyin ƙafa suna riƙewa kafin horo. Bayan mako 12, ba a ga wani bambancin kirki ba a yawan waɗanda suka ji rauni. A 2016 kuma Farfesa David Behm na ƙasar Kanada da abokan aikinsa suka tattara bincike masu yawa, suka gano cewa idan aka ja tsoka aka riƙe na daƙiƙa 60 ko fiye, ƙwazon ɗan wasa yakan ragu da kusan kashi 5 cikin 100 nan take, alhali miƙewar da ake yi cikin motsi tana ɗan ƙara shi. Kamar danƙon harbin tsuntsu ne: idan ka ja shi ka daɗe riƙe, harbin da zai biyo baya ba zai yi kaifi ba. Ragar manya maza tana da tsayin mita 2.43, ta mata 2.24. A wasan da ɗan yatsa ɗaya ke raba wanda ya tare ƙwallo da wanda aka buga ta kansa, wannan ragin ba abin wasa ba ne.

Ban ce miƙa jiki haramun ne ba. Riƙewa ta ɗan gajeren lokaci, idan gudu da tsalle suka biyo bayanta, illarta kaɗan ce. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da ita ita ce ɗumama jikin gaba ɗaya.

Ku fara da sassarfa ta minti 5 har gumi ya tsattsafo. Da safiyar hunturu, a Disamba da Janairu, ku ƙara lokacin. A zafin Afrilu ku rage, ku ajiye ruwa kusa. Daga nan a shiga motsin da wasan kansa yake nema: tafiyar gefe da gwiwa a lanƙwashe, wurga ƙafa gaba da baya, dogon taku ana durƙusawa, juya kafaɗa daga ƙaramin zagaye zuwa babba. Sai ƙananan tsalle-tsalle, sai ƙwallo, a fara bugu a hankali. Doguwar miƙewa ta jira ƙarshen atisaye, lokacin da jiki yake da zafi: sharaɓa, gaban cinya da bayanta, ƙugu da kafaɗa, daƙiƙa 20 zuwa 30 kowanne, ba fizga, ba mai danna wani.

Wanda yake ganin wannan maganar Turawa ce, ya dubi Legas. A 2014 Oluwatoyosi Owoeye da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+ a gasar matasan ƙwallon ƙafa ta Legas. Tsarin gudu ne da ƙarfafa tsoka da tsayuwa a ƙafa ɗaya da koyon dira. Raunuka sun ragu da kusan kashi 41 cikin 100. Wasanmu daban ne, amma gwiwa da idon sawu iri ɗaya ne.

Dira ita ce abin da na fi so ku ba wa lokaci. Raunin da ya fi yawa a ƙwallon raga targaɗen idon sawu ne, kuma galibi a ƙarƙashin raga yake faruwa, inda yaro ke sauka a kan ƙafar abokin karawa. A Norway, Roald Bahr ya nuna a 1997 cewa koyar da tashi da dira tare da atisayen daidaita tsayuwa ya rage wannan targaɗe da kusan rabi. Ku koya musu su tashi sama tsaye kada su faɗa cikin raga, su sauka da ƙafa biyu, gwiwa a lanƙwashe tana kallon yatsu. Ku fi sa ido a kan 'yan mata, domin su ne gwiwarsu ta fi karkatowa ciki wajen dira, su ne kuma jijiyar cikin gwiwa ta fi tsinke wa.

Ku tuna su wane ne yaran nan. Ɗan shekara 13 ko 14 ƙashinsa yana tsawo da sauri, cinyarsa takan ɗaure, ƙasan ƙoƙon gwiwarsa yakan kumbura ya yi ciwo. Wani daga makaranta ya wuce Islamiyya sannan ya zo fili. Wani babba-babba tun safe yake tsaye a kamfanin leda ko wurin jima, ko yana dakon kaya. Kuma da yawan filayenmu daɓen siminti ne, ƙafar yaro ba takalmin kirki. A irin wannan hali, tsallen kwaɗo a matsayin horon wanda ya makara zalunci ne ga gwiwa, ku daina shi. Ku ƙayyade yawan tsalle a rana, ku raba ranakun bugu mai ƙarfi.

Idan yaro ya ce gwiwarsa na ciwo, kada a ce masa raki ne, kada kuma a shafa man zafi a mayar da shi fili. Ciwon da ya wuce mako biyu, ko kumburi, ko ƙafar da ta kasa ɗaukar jiki, a kai shi Asibitin Ƙashi na Dala ko sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ku kuma yi wa iyayensa bayani da kanku.

Ina roƙonku ku gwada abin da idonku. Ku ba yaro alli ya yi tsalle ya shata bango bayan tsohuwar da'irarku, wata rana kuma ya sake bayan ɗumama jiki cikin motsi, ku rubuta duka a littafi. Ku yi wannan zango ɗaya, kuna kuma rubuta sunan duk wanda ya yi targaɗe, sannan ku zauna da takwarorinku na sauran unguwanni ku haɗa littattafan.