Ingilishin Rigar Gwanjo

Ku dubi yaran Birnin Lalle: ga wani sanye da rigar gwanjo mai tambarin Pro Evolution Soccer, wasan ƙwallo na kwamfuta na kamfanin Konami. Daga ƙirjinsa ya koyi soccer, a kwaleji kuwa football na Ingila aka koya masa. In ya rubuta na rigar, wani malamin sai jan biro.

Wannan zalunci ne. Soccer kalmar Amurkawa ce ta yau da kullum, asalinta ma Ingila. Konami kansa sai a 2021 ya koma eFootball. Ya kamata ma'aikatar ilimi ta umarci masu gyaran jarrabawar BEPC su karɓi kalmomin biyu.