Kafin a kai mota wurin mai fenti, a fara gwada farce

Duk wanda ya taɓa cinikin mota 'yar Kwatano ya san tambayar da ake fara jefa wa dillali tun kafin a buɗe bonet: "Fes bodi ce?" Wato fentin da ke jikinta na kamfani ne, ko an taɓa fesa mata wani? Amsar tana ɗaga kuɗin mota, tana kuma karya shi. Abin ɗaure kai shi ne, mutumin da ya ƙara kuɗi saboda fentin kamfani, shi ne kuma da zarar ɗan adaidaita sahu ya goge masa ƙofa a cunkoson Kantin Kwari, zai garzaya gareji ya ce a fesa gefen gaba ɗaya.

Wannan gaggawa asara ce. A kamfani gasa fenti ake yi a zafin da ya kai kusan digiri 140, tun motar tana ƙwarangwal, ba a sa mata waya ko roba ba. Mai fentin bakin titi ba zai iya maimaita haka ba, komai gwanintarsa.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shafin farko mai hana tsatsa, yawanci ruwan toka. Sai launi, sai kuma wani shafi garai-garai da ake kira kiliya, wanda ke ba mota sheƙi. Idan aka haɗa su duka, kaurinsu kaɗan ya ɗara na takardar rubutu. Abin da ya kamata mai mota ya gano shi ne wane hawa ƙujewar ta kai, kuma bokitin ruwa da farcensa sun ishe shi.

Ya wanke wurin, ya zuba ruwa, ya duba. In tabon ya ɓace yayin da yake jiƙe, sai ya bushe ya dawo, to a kiliya ya tsaya. Ya bi da farce a hankali: in ya zarce sumul, aikin gida ne. Sau da yawa ma layin rawaya da ke ƙofar fentin adaidaita sahun ne ya manne, na motar yana nan lafiya a ƙarƙashi. Man goge fenti da tsumma mai laushi za su fitar da shi, muddin a inuwa aka yi, jikin motar ya huce. Sai dai a tuna kowace guga tana cin kiliya, ba a zauna ana dirza kamar ana wankin tukunya ba.

In farce ya maƙale, ko ana hango ruwan toka, ciko ake bukata. A nan mutane ke kuskure, su je kasuwa su ce a ba su "fari". Fari kala-kala ne. Kowace mota tana da lambar fentinta. A Toyota tana kan takardar da ke jikin ginshiƙin ƙofar direba, bayan haruffan C/TR: 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. Da wannan lamba ake haɗo ɗan kaɗan, a riƙa ɗigawa cikin tabon da tsinken sakace, siriri-siriri, ana barin kowane shafi ya bushe. In ƙarfe ya fito har tsatsa ta fara, sai an kankare ta da samfefa, an sa shafin farko, domin tsatsar da aka rufe ci gaba take yi daga ciki har fentin ya kumbura.

Yawancin ɓarnar ma a gida ake yin ta. Da safiyar hunturu yaro ya ɗauki busasshen tsumma ya share ƙurar da ta kwanta a kan mota, alhali ƙurar nan yashi ne mai laushi. Shi ya sa baƙar mota ke cika da zane kamar yanar gizo-gizo idan rana ta haske ta. Omo yana wanke man kariya. Kashin tsuntsun da ya kwana biyu a bonet ƙarƙashin darbejiya yana cin kiliya, man birki kuwa ɗaye fenti yake yi.

Amma aikin gida yana da iyaka. In rana ta ƙona rufin mota, kiliya ta yi fari tana ɓarewa kamar saɓar maciji, babu man da zai dawo da ita, sai fesawa. Fentin da ake gauraya wa sinadarin taurarawa kuma yana lahanta huhu, yana jawo asma, bai kamata a fesa shi a tsakar gida inda yara ke wasa ba. Wannan aikin mai fenti ne, a kai masa, kuma a ce masa ɓangaren da ya lalace kawai zai taɓa.