Ina Sunan Wanda Aka Kashe?

Jama'a, akwai wani littafi da Albert Camus, Bafaranshe haifaffen Aljeriya, ya fitar cikin 1942, sunansa L'Étranger, watau Baƙo. Masu ilmi suna ta yabonsa, wai ya tona asirin duniya, ya nuna zaman mutum cikinta ba shi da manufa. To, mu ba mu yarda ba.

Ku dubi labarin. Wani Bature, Meursault, ya harbe Balarabe a bakin teku, harsashi har 5, ya ce wai rana ce ta sa shi. Da aka gurfanar da shi, masu shari'a suka fi damuwa da rashin kukansa ran jana'izar uwarsa. Shi kuwa mamacin, ko sunansa ba a ambata ba. Sai cikin 2013 wani marubucin Aljeriya, Kamel Daoud, ya yi raddi da nasa littafin, ya raɗa masa suna Musa.

Ashe mai bindiga ne ke da sukunin cewa duniya wofi ce. A je a tambayi uwar mamacin ko ran ɗanta wofi ne. Ba mu hana yaranmu karanta littafin ba, don akwai gwaninta ciki, amma lalle malamai su nuna musu wanda aka manta.